Amsoshin Tambayoyinku: Tun da Alheri Ya Cece Ni, Ina Ruwan Allah da Tiyata?

TAMBAYA

 Ni matashi ne mai bi, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kusada. Sana'ata awon hatsi: ina sayen gero da dawa da wake a hannun manoma, in tara, in kai Kankia ko Charanchi, wani lokaci har Dawanau. Ga abin da ya dame ni. Fastonmu ya koya mana cewa da alheri aka cece mu, ba da aikinmu ba. To in haka ne, me ya sa kuma kullum ake tsare mu da maganar kiyaye dokoki? A kasuwa kowa na da tiya biyu, ta saye da ta sayarwa. Kowa na rantsuwa, kowa na barbaɗa wa wake magani, ga shi kuma babbar kasuwarmu ran Lahadi take ci. In na ce sai na bi doka dalla-dalla, jarina zai karye, ga iyali a wuyana. Ina fid da zakkata, ba na fashin baiko. Shin wannan bai isa ba? Ku taimaka mini da amsa.

Daga wani ɗanku a Kusada.

AMSA

Ɗana, na gode da ba ka yi mini rufa-rufa ba. Masu tiya biyu suna da yawa, masu iya faɗa da bakinsu ne kaɗan. Wasiƙarka ta ƙunso tambaya biyu, ɗaya ta koyarwa, ɗaya ta tukunya. Za mu fara da ta koyarwa, domin in ta zauna daidai, ta tukunyar ba za ta yi wuyar warwarewa ba.

Fastonka bai yi kuskure ba. Haka Manzo Bulus ya koyar a sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa: ceto kyauta ce, babu mai sayensa, babu mai taƙama da shi. Sai dai ina roƙonka kada ka rufe Littafi a aya ta 9. Ka ƙara aya ɗaya, za ka tarar Bulus ɗin nan dai yana bayyana cewa an sāke halittarmu ne domin mu yi ayyuka nagari. Ka koma Littafin Fitowa ka duba yadda aka jera al'amura. An ƙetare Bahar Maliya a sura ta 14, Dokoki Goma kuwa sai a sura ta 20 suka zo. Allah bai gindaya wa bayin Fir'auna sharaɗin kiyaye doka kafin ya fisshe su ba. Sai da ya 'yanta su, ya ciyar da su a jeji, sannan ya faɗa musu yadda 'yantattu suke zama.

Kai ɗan ƙauye ne, ka san gandu. Ɗan ƙodago yana shiga gona don a biya shi; in la'asar ta yi ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa, ko gonar ta yi kyau ko ta lalace. Ɗan gida ma yana noma, har ya fi ɗan ƙodagon daɗewa a sunkuye, amma babu mai cewa noman ne ya mai da shi ɗa. An haife shi ɗa, shi ya sa gonar ta dame shi. To yaya za ka kalli yaron da zai ce tun da dai shi ɗan gida ne, babu mai korarsa, bari ya riƙa zarar dami daga rumbun ubansa? Ka ga amsar tambayarka ta farko ke nan. Yesu da kansa, a Yahaya sura ta 14, ya ɗaure ƙaunarsa da kiyaye umarninsa wuri guda. Yakubu kuma a sura ta 2 ta wasiƙarsa ya kamanta bangaskiyar da ba ta haifar da aiki da gangar jikin da rai ya rabu da ita.

Wataƙila ka ce: ai dokokin Tsohon Alkawari suna da yawa, wanne za a ɗauka, wanne za a bari? Ikilisiya ta fuskanci wannan tun da wuri. Wajen shekara ta 49 manzanni da dattawa suka taru a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura ta 15 ta ba da labari, suka yanke cewa ba za a ɗora wa al'ummai nauyin kaciya da sauran ka'idodin Yahudawa ba. Hadayun dabbobi kuma sun cika a kan gicciye. Amma babu taron da ya taɓa halatta sata, ko ƙarya, ko kisa, ko zina, ko ƙyashi. Da aka tambayi Yesu babbar doka, a Matiyu sura ta 22, ya tattara duka cikin biyu: ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Manomin da ya sauke maka buhu a gabanka, da matar da ta miƙo maka ƙwarya ka auna mata, su ne maƙwabtan da ake nufi. Da su ka fi yini, fiye da waɗanda kuke zama benci ɗaya a majami'a.

Yanzu mu zo kan tiya. Ka ce ina ruwan Allah da ita, ko da ba da waɗannan kalmomi ka faɗa ba. Zai ba ka mamaki yawan wuraren da Littafi Mai Tsarki ya tsaya a kanta. Maimaitawar Shari'a sura ta 25 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jakarsa ko a gidansa, ta kuma kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. Littafin Firistoci sura ta 19 da Karin Magana sura ta 11 sun maimaita. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, wanda ya yi wa'azi fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, kamar ya zaga kasuwannin hatsinmu ne kafin ya yi magana. A sura ta 8 ya kwatanta 'yan kasuwan da suke ƙagara ranar hutu ta wuce su buɗe rumfa, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su haɗa har da sharar hatsi su sayar wa matalauta. Ka lura, mutanen nan ba sa fashin ibada. Jikinsu na wurin sujada, hankalinsu na wurin awo.

Bari mu yi lissafi, tun da kai ɗan kasuwa ne. A ce tiyarka ta saye ta ɗara ta gaskiya da kashi ɗaya cikin ashirin kacal, wanda ido ba zai gane ba. A buhu mai tiya 40, ka kwashe wa manomi tiya biyu ba ka biya ba. In ka juya ka sayar da wadda aka bubbuge wa gindi, ka sāke tauye mai saye. Ka ninka wannan da buhunan da suka bi ta hannunka daga kaka zuwa bazara. Da wani ya shiga rumbun manomin nan da dare ya ɗebi tiya biyu, da kai kanka ka kira shi ɓarawo. Bambancinku kawai shi ne kai da rana ka ɗiba, mai kayan yana tsaye yana yi maka godiya. Dokar hana sata ita ce ta takwas a ƙidayar 'yan ECWA da Anglikan, ta bakwai a ƙidayar 'yan Katolika, amma babu ɗariƙar da ta cire ta. Abokan cinikinka Musulmi ma sun san haramcin abin, domin akwai sura sukutum a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Saboda haka duk wanda ke yi a kasuwar nan, ko wane addini yake bi, ya san saɓo yake yi. Kuma ban yarda cewa kowa ne ke yi ba. Ka bincika da kyau, za ka sami dattijon da manoma suke bin layi a gabansa, ka tambayi dalili.

Kada ka fahimce ni a karkace: riba halal ce. Ka biya kuɗin mota, ka biya 'yan dako, ka biya dillali la'adarsa, ka biya kuɗin rumfa, ka ɗauki kasadar faɗuwar farashi. Haƙƙinka ne ka ɗora ribarka. Amma ka ɗora ta a kan kuɗi, inda mai saye zai ji, ya taya, ya ce albarka ko ya sallama. Ribar da aka ɓoye a gindin tiya ita ce babu wanda ya yarda da ita.

Haka zancen ajiya yake. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, amma da yunwa ta zo ya buɗe rumbuna. Sayen kaya da kaka a fitar da bazara hidima ce ga jama'a, don in babu masu ajiya, da damina ta yi babu abin da za a auna. Abin da Karin Magana sura ta 11 ta la'anta shi ne mutum ya ƙulle hatsi mutane na kwana da yunwa, yana jiran wahalarsu ta ƙara masa kuɗi. Ka tuna yadda aka yi a farkon 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, har hukumar yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta garƙame wasu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. Ka kuma ga yadda farashi ya karyo a 2025, ya bar masu dogon buri da buhuna da bashi.

Maganar wake ta fi ta tiya nauyi, domin ita rai take taɓawa. Maganin ƙwarin da ake fesawa a gona ko a ɗaki, in aka zuba shi kai tsaye cikin waken da za a dafa, guba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Turawa sun rufe ƙofarsu sun huta. Waken da suka ƙi, 'ya'yanmu ne suke cinsa a ƙosai da alale da ɗanwake. Dokar hana kisa ba ta tsaya a kan mai wuƙa kaɗai ba. Kuma a nan Allah bai bar ka babu mafita ba: akwai buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowane ciki tam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Durom ko jarka mai murfi da ke rufuwa ruf ma suna yin wannan aiki. Buhun ya fi na yau da kullum tsada, gaskiya ne, amma ana sāke amfani da shi in bai huje ba. Sau da yawa biyayya ba ta bukatar mu'ujiza, sai ɗan ƙarin kuɗi da ɗan ƙarin haƙuri.

Rantsuwa kuwa, Yesu ya yi maganarta a Matiyu sura ta 5, Yakubu ya sāke ta a sura ta 5 ta wasiƙarsa: maganar mai bi ta tsaya da ƙafarta, ba sai an tokare ta da sunan Allah ba. Wanda ya rantse cewa ko uwar kuɗinsa bai mayar ba, alhali ya san ya ci riba, ya karya doka biyu da numfashi ɗaya: ya yi ƙarya, ya kuma kama sunan Allah a banza. Ba dole ba ne ka faɗa wa mai saye nawa ka saro. Kana iya cewa, “Haka nake sayarwa,” ka yi shiru. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Rumawa mai suna Filini, a lardin Bitiniya da ke cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya bincike Kirista ya aika wa Sarki Tirajan rahoto. Abin da ya gano shi ne suna taruwa kafin gari ya waye a wata rana da suka keɓe, su yi waƙa ga Almasihu, su ɗauki alkawarin ba za su yi sata ko zina ba, ba za su saɓa magana ba, ba kuma za su musanta ajiyar da aka ba su ba. Maƙiyinsu ne ya ba da wannan shaida.

Wannan ya kawo mu kan Lahadi. A nan zan sassauta murya, domin masu bi na ƙwarai sun bambanta. Wasu ikilisiyoyi ba sa son a taɓa ciniki sam a ranar, wasu kuma suna ganin in an yi sujada babu laifi. Waɗancan Kirista na Bitiniya da asuba suke taruwa saboda ranar aiki ce a zamaninsu. Sai a shekara ta 321 Sarki Kustantin ya mai da Lahadi ranar hutu, kuma ko shi ya ɗauke wa manoma. Yesu ya koyar a Markus sura ta 2 cewa an yi ranar hutu ne don amfanin mutum. Amma abu biyu ba su canza ba: kada ka yar da taron masu bi, kamar yadda Ibraniyawa sura ta 10 ta gargaɗe mu, kada kuma ka zama bawan kuɗin da ba ya iya ajiye tiya ko yini ɗaya a mako. Babbar kasuwar taku ta Lahadi ba da hantsi take watsewa ba. Kana iya yin sujada ka bi motar rana, ko ka haɗa kai da amintaccen abokin ciniki ya riƙe maka safiya, ko ka karkata ga kasuwannin sauran ranaku. Ka zauna da fastonka da dattawan ikilisiyarku ku tsai da abin da zai yiwu. Amma kada ka zama irin mutanen Amos, ana wa'azi kana lissafin buhu.

Ka tambaya ko zakka da baiko ba su isa ba. Ka ci gaba da bayarwa, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai ka karanta 1 Sama'ila sura ta 15. Sarki Saul ya ƙi bin umarni, ya taso dabbobin da aka hana shi, ya ce ai hadaya zai yi da su. Annabi Sama'ila ya nuna masa cewa Allah ya fi son a ji maganarsa da a cika masa bagade da kitse, kuma a ranar aka yanke wa sarautarsa hukunci. Yesu ma ya tsawata wa masu fid da zakkar 'yan ganyayen miya suna watsi da adalci da jinƙai. In tiya biyun nan na manomi suna cikin abin da ka fitar, to da hatsin wani ka yi baiko. Ka dubi mutumin nan na Yariko, shugaban masu karɓar haraji, wanda shi sunansa ma Zakka. Da Yesu ya shiga gidansa, bai tsaya ga sadaka ba, sai da ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Kai ma ka san manoman da ka saba saye a hannunsu. Ba sai ka tara jama'a ba: ka je wurin mutum ka mayar masa, ko ka riƙa ƙara masa a kan kuɗi har zuciyarka ta shaida ka biya.

Saura tambayar tukunya: jarinka zai karye? Ba zan yaudare ka ba, ribarka za ta ragu da farko, wasu abokan sana'a kuma za su yi maka dariya, su ce ka zama fasto. Ba ni da ayar da zan nuna maka cewa kowane mai gaskiya zai yi arziki. Akwai masu gaskiya da suka mutu da riga ɗaya. Amma akwai jarin da ba a ƙirgawa da naira. A Ingila, a shekarun 1650, 'yan wata ƙungiyar masu bi da ake kira Kwekas suka daina rantsuwa, suka tsai da farashi ɗaya. Da fari masu saye suka guje su. Daga baya aka gane ko yaro aka aika shagonsu ba za a cuce shi ba, sai ciniki ya komo musu. Manomi ba wawa ba ne. Ya auna kayansa a gida kafin ya fito, ya kuma san hannun da ke cinye masa tiya.

Akwai kuma wani nauyi a wuyanka. Masu bi a ƙasar Kankia da Kusada 'yan kaɗan ne, kowa ya san su da suna. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Iyaye da kakanni, da yawansu daga gidajen Maguzawa, sun karɓi bishara ta hannun 'yan mishan na SIM da masu wa'azi 'yan ƙasa a wurare irin su Matazu da Malumfashi, suka sha gori da wariya a kanta. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, a 2023 kuma aka kafa dayosis na Katolika na Katsina, aka naɗa ɗan ƙasa, Bishop Gerald Mamman Musa, ya shugabance shi. Duk da haka, yawancin mutanen da kake ciniki da su ba za su taɓa buɗe Littafin nan ba, ba kuma za su taka ƙofar majami'a ba. Abin da za su sani game da Almasihu, a bakin tiyarka za su gan shi. In ka cuci mutum ɗaya, ba sunanka kaɗai zai kira ba, cewa zai yi haka Kirista suke. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ga shawarata a taƙaice. Ka zaɓi tiya ɗaya ta gaskiya, ka saya da ita, ka sayar da ita, ɗayar kuma ka fasa ta don kada ranar matsi ta ja ka. Ka sayi buhu mai ciki uku kafin wake ya shigo. Ka cire sunan Allah daga cinikinka sai wurin godiya. Ka faɗa wa maiɗakinka da wani dattijo guda abin da ka ƙudura, don su riƙa tambayarka. In ka yi tuntuɓe, kada ka ce shi ke nan an gama. Wasiƙar Yahaya ta fari, sura ta 1, ta tabbatar mana da gafara ga mai furta laifinsa, Ruhu Mai Tsarki kuma yana ba da ƙarfin da doka ita kaɗai ba ta bayarwa. Alherin da ya cece ka shi ne zai riƙe hannunka a bakin awo.

Ɗana, kaka na tafe. Ka fara da buhun farko da za a sauke maka. In shekara ta zagayo, ka sāke rubuto mini yadda aka kwashe. Ubangiji ya sa albarka a cikin sana'arka, ka gai da mutanen gida.